GYARAN ZAMAN JAMA'A SANA'A CE, SAI AN KOYA

A makon jiya wani dattijo mai sayar da kayan gwari a nan Sakkwato ya tsai da mu a bakin rumfarsa, ya ce yana da tambaya, amma ba ya son amsar tsaye, sai a rubuce, don ya sa a karanta masa a gaban maƙwabtansa na kasuwa. Ya ce ɗansa da ke karatu a Jami'a ya zo gida da wani sabon zance, wai yanzu akwai darasin da a ke koya musu na yadda mutum zai kafa sana'a don kawar da wata wahala da ke damun jama'a, sa'an nan kuma sana'ar ta riƙe kanta, ta riƙe mai ita. Dattijon nan ya jawo wani kwandon tumatir da ya saro shekaranjiya, rabinsa ya riga ya zama ruwa, ya ce, "Malam, in gaskiya ne, to, ga wahala nan, a fara da ita. In kuwa wata dabara ce ta cin kuɗin Turawa, ku gaya mini in hana yaron ɓata lokacinsa."

Mun yi masa alkawari, ga shi muna cikawa. Baba, zancen ɗanka gaskiya ne. Abin da kawai mu ke so mu ƙara shi ne, ilmin nan ya girmi Jami'ar da ke koyar da shi, kuma ba wanda ya fi kai da ire-irenka bukatarsa.

Dalilinmu kuwa ga shi. Cikin watan Nuwamba na 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fid da wani lissafi na talauci, wanda ya haɗa har da rashin ruwan sha, da rashin asibiti, da yaran da ba sa zuwa makaranta. Lissafin ya nuna mutum miliyan 133 na ƙasar nan suna cikin wannan hali, watau 63 cikin 100. Da aka zo kan jihohi, Sakkwato ce a gaba, 91 cikin 100. In ka tara mutum goma a gindin bedi, tara daga cikinsu suna ciki ke nan. Mutanen da ke cikin irin wannan hali in suka ce za su naɗe hannu sai ran da aka tuna da su daga sama, lalle za su daɗe suna jira.

Kada wani ya ce mun sauke wa masu mulki nauyinsu. Ko kusa. Ruwan famfo, da hanya, da asibiti, da motar kashe gobara, hakkin mai biyan haraji ne, za mu kuwa ci gaba da neman su da babbar murya. Amma tumatirin Baba ba zai jira kasafin kuɗin baɗi ba.

MENE NE ABIN?

Mun san sadaka, mun san ciniki. Sadaka aba ce mai kyau, amma ran da aljihun mai bayarwa ya bushe, ran nan ta tsaya. Ciniki shi ma halal ne, sai dai ɗan kasuwa inda riba ta ke can ya kan nufa, ko an sami sauƙi a gari ko ba a samu ba. Abin da mu ke magana a kai yana tsakanin su biyu. Aiki ne wanda a ke auna shi da mudu biyu. Na fari, shin wahalar da aka kafa shi dominta ta ragu? Na biyu, shin yana iya biyan kuɗin tafiyar da kansa ba tare da roƙo ba? In ya faɗi a mudu ɗaya, ya faɗi duka.

Yin haka kuwa sana'a ce kamar jima ko ƙira ko dukanci. Ba wanda ya ke kwana ya tashi baduku. Sai ya zauna gaban gwani, ya ga yadda a ke riƙe wuƙa, ya ɓata fata biyu uku, kana ya iya. To, bari mu kai ku gaban gwanaye uku. Ta farko ba sai kun biya kuɗin mota ba, tana kwance a Hubbare.

DARASIN NANA ASMA'U

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, matar Waziri Giɗaɗo, an haife ta a 1793, ta rasu a 1864. Bayan yaƙe-yaƙen jihadi ta duba ta ga mata da yawa a ƙauyuka, waɗansu ma kamo su aka yi a yaƙi, ba su san kome na karatu ba, ga shi kuwa su ke renon 'ya'yan gobe. Ita kaɗai ba ta iya zaga ƙauyuka duka. Matar aure mai goyo kuma ba ta iya barin ɗakinta ta zo birni ɗaukar karatu.

Sai ta duba waɗanda ke da sararin tafiya, watau dattijan mata da suka gama haihuwa, da 'yan mata da ba su kai aure ba. Daga ko wane gari a kan sami mace mai hankali wadda mutane suka amince da ita, Nana ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle na naɗawa. Malfar nan fa ba baƙuwa ba ce ga matan ƙasar, gama sun saba ganinta a kan Inna ta Gobir, sun san alamar shugabanci ce. Jaji ta kan jawo ayarinta su zo Sakkwato, su ɗauki karatu cikin waƙoƙin da Nana ta tsara da Hausa da Fulatanci, masu sauƙin hardacewa, su koma su koya wa matan da ke kulle. Su kan zo da ɗan abin hannu, hatsi ko zuma ko man shanu, a raba wa mabukata. Su ne a ke kira 'Yan Taru. Da Nana ta rasu, 'yar'uwarta Maryam ta ɗauki aikin. Fiye da shekara ɗari bayan haka, wata Baturiya, Jean Boyd, wadda ta daɗe zaune a Sakkwato, ta tarad da jajojin suna nan, har ta rubuta littafi a kan Nana a 1989.

Ku dubi abin da ta yi da idon ɗan kasuwa. Ta san ainihin abin da ya hana kaya isa ga mai bukata. Ta nemi dillalai amintattu daga cikin masu bukatar. Ta ƙulla kayan cikin ƙunshin da za su iya ɗauka. Sa'an nan ta shirya aikin yadda mutuwarta ba ta kashe shi ba. Wannan na ƙarshe shi ya fi wuya. Ƙungiya nawa mu ka gani a garin nan wadda aka bizne ta tare da wanda ya kafa ta?

DARASIN TUKUNYA CIKIN TUKUNYA

Gwani na biyu ya fi kusa da kwandon Baba. Sunansa Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta ne a Dutse ta Jihar Jigawa, ya fito daga gidan magina tukwane, ya rasu a 2010. Cikin shekarun 1990 ya lura da cewa manomin ƙauye da ba shi da lantarki tilas ya sayar da kayan lambunsa ran da ya tsinka, a ko wane farashi aka taya, don in ya kwana biyu ya lalace. Ya kuma lura da cewa 'yan mata a ke ɗora wa tallan nan kullum, shi ya sa ba a ganinsu a aji.

Ko wace mace a ƙasar Hausa ta san ruwan randa ya fi ruwan bokiti sanyi. Dalili, randa tana tsattsafo, iska tana shanye tsattsafon, tana tafiya da zafi. Malam Bah Abba wannan sanin ya ɗauka. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma, a riƙa ƙara ruwa safe da yamma. Da ya gwada, yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai suka kai mako uku, alayyafo da ba ya kwana ya kai kwana 12.

Amma fa gwanintarsa ba a tukunyar kaɗai ta ke ba. Da kuɗin aljihunsa ya sa maginan gari suka gina dubu biyar na farko, ya rarraba a ƙauyuka don mutane su gani da idonsu, gani kuwa ya kori ji. Da ya ga yawancin masu bukata ba sa karatu, sai ya shirya wasan kwaikwayo da Hausa, aka ɗauka a majigi a na nunawa a dandalin ƙauye da dare. Daga baya ya riƙa sayarwa da araha, yadda magini zai sami na tuwo, aikin kuma ya ci gaba. A shekarar 2000 kamfanin agogon nan Rolex ya ba shi lambar yabo da dala 75,000, ya zuba su cikin aikin.

Za mu gaya muku gaskiya, tukunyar nan ba maganin kome da kome ba ce. Ta fi aiki da rani sa'ad da iska ta bushe, da damina kuwa ƙarfinta ya kan ragu. Ba ta ɗaukar kayan mota guda. Albasa ma ba ta son laima, iska ta ke so. Saboda haka abin koyo a nan shi ne hanyar da ya bi: ya fara da abin da mutane suka riga suka sani, da yumɓun da ke ƙarƙashin ƙafarsu, da farashin da aljihunsu zai ɗauka. In ta fashe, maginin da zai yi wata yana bayan gida. Injin da aka kawo daga wata ƙasa kuwa, ran da ƙusa ɗaya ta karye ya zama wurin kwanan awaki.

DARASIN LITTAFIN KUƊI

Gwani na uku jama'a ce, a wani gari na masaƙa a Ingila da a ke kira Rochdale. A 1844 talakawan garin suna shan wuya a hannun masu kantuna, a na auna musu kaya da mugun ma'auni, a na gauraya musu gari da abin da ba gari ba, ga bashi ya ɗaure su. Mutum 28 suka yi ta tara kwabo-kwabo har ya kai wajen fam 28. Ran 21 ga Disamba na shekarar suka buɗe ɗan kantinsu, ba kome ciki sai garin alkama, da garin hatsi, da sukari, da man shanu, da 'yan kyandir.

An kafa irin kantin nan da dama kafinsu, suka mutu. Nasu ya rayu saboda dokokin da suka ɗora wa kansu. Ko wane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi, ko kuɗinsa nawa ne a ciki. Ba bashi, kuɗi hannu. Ma'auni na gaskiya, kaya marasa algus. Ribar da ta saura a kan raba ta gwargwadon cinikin da ko wane mamba ya yi a kantin. Daga baya kuma suka keɓe biyu da rabi cikin ɗari na riba don ilmin mambobi, suka buɗe ɗakin karatu. Daga ɗan kantin nan ƙungiyoyin gama kai suka bazu duniya, har aka yi musu doka a Nijeriya a 1935.

Mu ma muna da namu tun kaka da kakanni. Muna da adashi, muna da aikin gayya. Abin da ya kan kashe namu shi ne rashin rubutu da jin nauyi. Ma'aji ya ci kuɗi, a ce surukin wane ne, a yi shiru. Shugaba ya shekara goma a kujera ba wanda ya taɓa ganin littafi. Mun san waɗansunku za su ce, "Mun sha shiga ƙungiya, mun sha kuka." Gaskiyarku. Amma wanda ɓarawo ya shiga ɗakinsa ƙofa ya kan gyara, ba ya komawa kwana a titi.

ABU BIYU NA GUDU

Akwai aikin da a ke shirya wa talaka ba a tambaye shi ba. An gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, da sunan taimakon manoma. Manoma da yawa suka rasa gonakinsu, suka yi ta kukan diyya, na ƙasa da madatsar kuma suka rasa ambaliyar da ke jiƙa musu fadama. Da suka tashi neman hakkinsu a 1980, aka amsa musu da bindiga, aka zub da jini. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Ko wane saurayi da ya fito makaranta da takarda a hannu yana son gyara mana zama, muna maraba da shi, amma ya fara zuwa ya zauna a rumfa, ya yi tambaya, ya saurara.

Akwai kuma ɓarawon da ke zuwa da rigar taimako. Ba ku manta da MMM ba. Ita ma da sunan taimakon juna ta zo, ta yi alkawarin ƙarin 30 cikin 100 a wata guda, cikin Disamba na 2016 ta rufe asusun mutane, aka bar su da hawaye. Gwajin mai sauƙi ne. Ku tambayi mai kiranku, "Me a ke sayarwa, wa ke saye, ina littafi?" In ya fara kame-kame, ku riƙe aljihunku.

TO, INA ZA MU FARA?

Shawararmu ga ko wane layi na kasuwa, 'yan gwari, da 'yan albasa, da mahauta, da dukawa, da iyayenmu mata masu ƙuli-ƙuli da fura, ita ce ku zauna ku zaɓi wahala guda ɗaya tak. Kada ku ce za ku kori talauci, ya fi ƙarfin rumfa ɗaya. Ku ce, alal misali, kwandon da ke ruɓewa. Ku sami yaro mai rubutu ya yi wata guda yana rubuta kwando nawa ya shigo layinku, nawa aka zubar, kuɗinsa nawa. Ran da aka karanta muku jimlar, ku da kanku za ku san abin da ya kamata ku kashe don tsai da ɓarnar.

Ga lissafi. Mutum 40, kowa ya zuba Naira 500 ko wace Juma'a, ya zama Naira 20,000 a mako, Naira 1,040,000 a shekara. Da irin wannan a na iya fara ɗakin ajiya mai shan iska, yadda albasar Wurno da Goronyo da Gada ba za a zubar da ita da arahar kaka ba, a zo a saye ta da tsada bayan wata huɗu. A na iya shimfiɗa wurin shanya tumatir mai tsabta, sama da ƙasa, nesa da ƙura da awaki. A na iya ba mamba jari ba kuɗin ruwa, ya kuɓuta daga mai ba da kaka. Waɗanda kuma suka ga gobarar Babbar Kasuwa ta watan Janairu na 2021 ba sai an gaya musu amfanin asusun ko-ta-kwana ba. Amma ɗaya za ku ɗauka, ku gwada shi ƙarami, in ya yi ku ƙara, in ya ƙi ku canja tun hasara ba ta yi yawa ba.

Dokoki kuwa ku kafa su tun ran farko, tun ba a ɓata da kowa ba. Kuɗi a banki, ba ya fita sai da hannun mutum uku. A karanta lissafi da Hausa, da ƙarfi, a gaban kowa, ko wane wata, a kuma rubuta shi da boko da ajami a manna a bango. Kowa ƙuri'a ɗaya. Shugaba da ma'aji shekara biyu su sauka, kuma ko wane mai muƙami ya kasance yana da wanda ya ke koya wa aikin, kamar yadda jaji ta kan tafi da 'yan mata a bayanta. Kada ku naɗa wani mai kuɗi ko mai neman kujera uban ƙungiya. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski.

Muna kuma kira ga malaman Jami'ar Usmanu Danfodiyo da na sauran manyan makarantun garin nan. Ilmin da ku ke koyarwa da Turanci a bayan ganuwar makaranta, masu bukatarsa suna kasuwa, kuma da harajinsu aka gina ajin. Cikin shekarun 1950 an yi Yaƙi da Jahilci a Arewa, dattawa suka zauna a zaure da yamma suka koyi karatu, har a na buga wa Lardin Sakkwato jaridarsa, Zaruma. Abin da aka yi don a, ba, ca, a na iya yinsa don riƙon littafin kuɗi, da fid da farashi, da yadda a ke rajistar ƙungiyar gama kai. Ku turo ɗalibanku ko wane layi, ko da yini ɗaya ne a mako. Za su koyar, za su kuma koyo abin da ba ya cikin littattafanku.

Kai kuma Baba mai tumatir, kada ka hana yaronka. Ran Asabar mai zuwa ka ba shi kujera a rumfarka, ka ba shi littafi da alƙalami, ka ce ya fara ƙidaya kwanduna. Ka kira maƙwabtanka na dama da na hagun su ma su faɗi tasu hasarar. Bayan wata guda ku aiko mana da abin da ku ka samu, za mu buga shi a wannan shafi ba tare da sunan kowa ba, don sauran layuka su gani su ɗauka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya sa mu dace, amin.